Kada Ki Zo Bana, Anisa

Filinge, farkon watan Sha'aban

Zuwa ga ƙanwata Anisa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Mahmud da jaririyarmu Ummul. Yaya zafin Yamai, yaya reno? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna da ba ta sake ta ba tun damina, da sukarinta mai hawa da sauka.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali kusan kullum muna waya. Kin san Inna, ido ya rage amma kunne yana nan, kuma ba ta yarda in ɗauki kiranki sai a gabanta. Shi ya sa na ba Ɗangoma direba wannan, tunda zai shigo Yamai da awaki bayan kasuwar Lahadi.

Maganar zuwanki azumi ce. Anisa, ki fasa. Rediyo na ta faɗin wannan cuta ta korona ta shigo Yamai. An rufe lakkol, yara ba sa zuwa makaranta, ni ma an rufe mini ajin matan da nake koya wa karatu. Da na kai Inna awo, lokotoro, wato likitan, ya ja ni gefe ya ce tsofaffi masu sukari su ne cutar ta fi kayarwa. Mahmud a tashar mota yake aiki, ba wanda ba ya numfashi a fuskarsa. Ke kuma za ki shigo mota a matse, ku yi ta tsayawa daga Balleyara har nan, sannan ki sauka ki faɗa jikin Inna. Ba zan iya hana ta rungume ki ba. Ba wanda zai iya.

Tun ranar da kika ce za ki zo gidan nan bai huta ba. Inna ta sa an yi wa ɗaki yaɓe, an sayo sabuwar katifa. Ɗakina nake nufi, wanda nake kwana a ciki tun rasuwar mijina Alu da na dawo gida. Yanzu ina bukkar baya tare da buhunan hatsi, yarana kuma suna zaure. Zabbin da na yi kiwo tun suna ƴan tsaki ta hana a taɓa ko ɗaya, wai na mai jego ne. Ta aika garin Tukunus a sayo cuku. Duk matar da ta shigo gaisuwa ba ta fita sai ta ji labarin takwara, yadda auta ta haifi ɗiya ta sa mata sunan uwarta. Ni ƴaƴa maza biyu Allah Ya ba ni, ban samu wadda zan sa wa sunan ba, kuma har yau in ta tashi kiran babban sai ta kira sunan ƙaramin.

Ban faɗi wannan don komai ba, labarin gida ne kawai nake ba ki. Abin da nake roƙo shi ne in za ki gaya mata kin fasa, ki ce shawararki ce ke da Mahmud. Kada sunana ya fito.

Ki shafa mini kan Ummul. Tabawa maƙwabciyarmu tana gaishe ki.

Yayarki,
Basiratu


Filinge, tsakiyar Sha'aban

Ƙanwata Anisa,

Ina gaishe ki, ina gaida Mahmud. Ina fata zawon da kika ce Ummul na yi ya tsaya. Haƙora ne, kada ki tayar da hankalinki.

Abu ɗaya na roƙe ki, shi ne kika kasa. Ina riƙe da wayar, da kunnena na ji kin ce wa Inna, Yaya Basira ce ta ga bai kamata ba. Na san ba da mugunta kika faɗa ba, ke dai ba ki taɓa iya ɗaukar ɓacin ran Inna ba, don ba ki saba da shi ba. Da kin ƙara haƙuri kaɗan ma da hukuma ta ɗauke mana maganar, tunda ga shi an rufe Yamai, ba shiga ba fita sai motocin kaya. Amma a wurin Inna ba jandarmomi suka tare miki hanya ba, ni ce.

Tun ranar ba ta yi mini magana sai ta dole. In na kai mata tuwo sai ta ce ta ƙoshi, can kuma in ga kwanon Tabawa a gabanta da kopto, kwaɗon ganyen nan, har da ƙuli-ƙuli da sukarin da lokotoro ya hana. Ta kira yayanmu Nafi'u a Damana ta ce masa na raba ta da jikarta. Shi kuma, wanda rabonsa da gidan nan tun Sallar layya, ya kira ni yana yi mini wa'azin zumunci. Inna ta ce korona cutar masu hawa jirgi ce, ba ta san hanyar ƙasarmu ta Kurfai ba. Tabawa ta ɗaure mata gindi, ta ce ita da za a bar ta ta kira masu goge a yi wasa, da ta ji daga bakin iskoki ko cutar za ta iso.

Da la'asar sai ta sa a fitar mata da tabarma ƙofar gida, ta zauna tana kallon hanya, ta san sarai ba motar da za ta kawo ki. Ni nake ɗaga ta in kai ta, ni nake ɗauko ta in magariba ta yi. In kika kira da hoto, ni nake riƙe wayar har hannuna ya sage, ita tana yi wa Ummul tawai tana sumbatar gilashin. Kin taɓa lura ba ki ganin fuskata a kiran nan? Ina bayan wayar.

Zanen da kika aiko mata bara yana cikin akwati, duk baƙuwar da ta zo sai an fito da shi an nuna. Wanda take ɗaurawa kullum, wanda nake wankewa in ta ɓata shi, ni na saya, kuma ban taɓa jin ta gaya wa kowa ba. Na san ƙaramar magana ce. Ina jin kunyar rubuta ta, amma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke, ke ɗin kuma ke ce maganar.

Duk da haka ban yi nadama ba. Gara ta yi fushi da ni tana numfashi. Ku riƙa rufe hanci in za ku fita, ki ce wa Mahmud ya wanke hannu kafin ya ɗauki yarinya.

Taki,
Basiratu


Filinge, cikin azumi

Anisa ƴar uwata,

Sannu da jiki, sannu da jinya. Yaya zazzaɓin? Yaya Mahmud, an bar ki kin ji muryarsa? Allah Ya tashi kafaɗunku. Muna ta addu'a, Inna ko barcin kirki ba ta yi.

Na san Nafi'u ya gaya miki ina hanya, kika yi ta jira ba ki gan ni ba. Ga abin da ya faru.

Ranar da kika kira kina kuka, kika ce an ɗauke Mahmud an killace shi, ke kuma jikinki ya yi zafi, maƙwabta sun daina shigowa, ba mai karɓar miki Ummul, Inna ta juyo ta dube ni. Rabon da ta dube ni ido cikin ido tun Sha'aban. Ta ce in shirya in tafi. Ta riga ta san yadda ake yi: Ɗangoma zai kai ni Balleyara a motar kaya, daga can ƴan kabu-kabu su bi da ni ta daji su zagaye shingen jandarmomi. Ba ta tambayi ko ina tsoro ba. Ba ta ambaci yarana ba, marayun da ba su da kowa sai ni. Matar da ta ce cutar ba gaskiya ba ce yanzu ta yarda da ita, kuma ta zaɓi wadda za ta tura cikinta.

Ban yi musu ba. Ke ƙanwata ce, ni na goye ki, kuma wallahi kukanki ya shiga jikina. Amma ina haɗa kaya ina ta tunani. Na ce a raina, ashe haka lissafin yake, a ba da Basira a karɓo Anisa. Na yanka zabbi biyu na soya miki, na ƙulle cuku da garin kunu. Na nuna wa Tabawa magungunan Inna, na roƙe ta ta rage sukari. Da safe na durƙusa na yi wa Inna sallama, ta ce Allah Ya kiyaye, fuskarta na kallon bango.

A tasha an daɗe ana lodi. Na samu wuri a gaba kusa da direba, na ɗaure hancina da ɗankwali. Ɗangoma ya tada mota ke nan sai na ga mutane suna darewa. Amalanken jaki ne, Tabawa na kora, Inna na zaune a kai ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, ko mayafin kirki babu. Ke kin san in ba asibiti ba, ba ta wuce ƙofar gida. Ta sa aka tsayar da amalanken a gaban motar, ta ɗaga sanda ta nuna ni, a gaban masu awaki da ƴan kamasho ta ce, "Sabko. Mi kika nema Yamai? In kin tahi wa za ya tashe ni?"

Na sauko. Kayan suka tafi, ni na dawo a bayan amalanke ina tafe a ƙasa. Har muka iso gida faɗa take yi, wai na bar mata ruwan alwala da sanyi, wai Tabawa ba ta iya ɗaga mutum ba, ta kusa karya ta.

Ki yafe mini rashin zuwa. Na kira Jummai ɗiyar kawu da ke unguwar Lazare a Yamai, ta yi alkawarin kawo miki abinci ƙofa kullum, Ɗangoma kuma zai bar saƙon a wurinta.

Tun ranar nake juya maganar Inna. Ban sani ba ko ni ta ji tsoron rasawa ko hannuwana. Na so in tambaye ta, sai na ga ba zan iya ɗaukar amsar ba in ta zo ba yadda nake so ba. Abin da na sani shi ne da aka sha ruwa ta ci tuwona, ta cinye.

Allah Ya ba ku lafiya.

Yayarki,
Basiratu


Filinge, goman ƙarshe na azumi

Ƙanwata,

Gaisuwa da barka. Barka da dawowar Mahmud gida, barka da samun sauƙinki. Da kika kira muka ga Ummul tana rarrafe, Inna ta yi guɗa har ta shaƙe.

An buɗe hanya, kin tambaye ni ko ki zo Sallah, kin ce wannan karon ba za ki motsa ba sai da yardata. Na je na tambayi lokotoro. Ya ce tunda kun warke kun daɗe, ki zo, amma ki rufe hanci a mota, ki yi wanka ki sake kaya kafin ki shiga wurin Inna. To ki zo. Ɗakin yana nan yadda aka gyara shi, sauran zabbi sun yi ƙiba.

Shawarar da na ba ki a Sha'aban gaskiya ce, kin gani da idonki, da kin zo lokacin da wataƙila da cutar kika zo. Amma ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗin da ta zama gaskiya. Kishinki nake yi, Anisa. Ba kishin Yamai ba, ba na mijinki ko ɗakinki mai fanka ba. Ke ana kewarki. Ni tunda aka haife ni ban taɓa yin nisan da za a yi kewata ba. Aurena ma unguwa ɗaya ce tsakani.

Saboda haka ga sharaɗina. In kin iso, za mu yi Sallah tare, in ga ɗiyata Ummul in goya ta. Washegari zan kwashi yarana mu tafi Bonkuku wurin dangin ubansu, sun daɗe suna roƙo ina cewa ba mai zama da Inna. Yanzu akwai. Zan nuna miki yadda ake ɗaga ta ba a taɓa ƙafar ba, da maganin safe da na dare, da inda take ɓoye sukari a cikin matashi. Za ta yi miki faɗa, kada ki yi kuka, haka take yi wa wanda ke kusa. Ki zo da zannuwan aiki, ba na biki kaɗai ba.

Ban gaya mata ba tukuna, kuma wannan karon ina roƙonki ki riƙe bakinki. In na tafi, da la'asar za ta ce a fitar mata da tabarma. Ki fitar mata. In ta tambaye ki yaushe zan dawo, ki ce ba ki sani ba, don ni ma ban yanke ba. Abu ɗaya nake so ki yi mini: ki lura da wajen da take kallo, ko hanya ce ko a'a, in na dawo ki gaya mini gaskiya.

Ki gaida Mahmud da jiki, ki gaida Jummai, ki ce na gode. Allah Ya kawo ku lafiya.

Yayarki mai ƙaunarki,
Basiratu