Hular da Kaka Ta Bari

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya maigida da yara? Dangora kowa lafiya.

Ban faɗa wa kowa ba: hular da Kaka ta rasu tana ɗinkawa, ni nake ƙarasawa a ɓoye. Yanzu wuyan hannuna ciwo yake, ko littafin soyayya ba na iya riƙewa. Likita ya ce jijiyar ce ta kumbura, in huta da aiki. Amma Yaya, babban yatsana yana ƙara irin ta yatsan Kaka. Jiya Inna ta ji ƙarar, ta zaci Kaka ce, ta juyo ta ce, "Iya, kin tashi?"

In ajiye hular ko in ƙarasa? Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. Na so in yage takardar nan, hannun ya kasa. Zan ba Kawu Sule ya kawo miki.

Ƙanwarki,
Zulai