Tabo Cikin Ninki Yake Kwana

Anti, ki taimake ni. Amma bari in fara jinjina wa masana kimiyya, bayin Allah da ba su yarda da kowa ba, har da kansu.

A rumfar yadin mahaifiyata na taso. Da girmana na koma karatu, yanzu ina gwajin aiki a ɗakin bincike. Sun ba ni littafi mai ɗinki, kowane shafi da lambarsa. Ba fensir, ba gogewa, ba yagewa. In kika yi kuskure, layi ɗaya siriri za ki ja masa yadda kowa zai karanta wautarki, ki kuma sa hannu a gefe. Mu a rumfa, tabo cikin ninki yake kwana.

Matsalata jira. Rabin aikin zama ne kina kallon ruwa na ɗiga cikin kwalba. Ɗigo, ɗigo, sai wani launi ja-ja mai kunya ya leƙo, ya ɓuya, ya sake leƙowa. Nan hankalina ke tafiya. Sai in gan ni ina shanya yadudduka a kan gajimare, iska na kaɗa su. Kafin in dawo ruwan ya wuce inda ake so. Akwai shafin da na rubuta "launin kunnen jariri" a gurbin lamba.

Ƙarshen wata shugabar ɗakin za ta duba littattafanmu, ta zaɓi wadda za a riƙe. Maigidana ya ce in sayi sabo in kwafe tsaf. Har na sayo. In kwafe?

Tsohuwar 'Yar Rumfa

'Yar'uwa, ba yara sabon su yi zane.

Maigidanki kunya yake tare miki, kuma gaskiya littafinki na bukatar gyara. Sai dai ba don ado ake rubuta shi ba, don wanda zai maimaita aikin ba kya nan ne. Shugabarki kuwa ta san rubutun da aka yi a zama ɗaya.

Ki sake gwaje-gwajen da suka kuɓuce a sabon shafi, da kwanan watan ranar, ki nuna shafin da kike gyarawa. Lamba farko, launi a bayanta, don idonki ma jari ne. In ɗigon ya fara, ki miƙe tsaye.

Allah ya sa ke za a riƙe. Amma ke da kika san mutane, wa za ki bar wa makullin shago, mai cewa a nan ya yi kuskure, ko wanda bai taɓa yi ba?