Hoton Baba Shi Kaɗai

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Kyamarar ta iso. Gilbert ya ba wani direban Abuja, na je tasha na karɓo ta a cikin kwalin taliya, an naɗe ta da tsohon tawul. Ƙanena ke nan. Aiko kaya ya iya, zuwa da kansa ne bai iya ba.

Ƙarama ce, dutsen gugata ya fi ta nauyi. Na zaci irin ta masu hoton biki ce, mai kama da bulo. Gilbert ya ce wannan babu madubi a cikinta, shi ya sa ta ƙanƙance, wai kuma ta 'yan koyo ce. Ni tela ce, ina ruwana da abin da ke cikinta? Na dai ce masa to.

Aiki ɗaya ya ba ni: hoton Baba shi kaɗai, fuska a fili. Ba wanda ya faɗi ko na mene ne. Mun sani.

Litinin, 9 ga Satumba

Bari in rubuta dalilin, ko zan daina jin kaina kamar ɓarauniya.

Da Mama ta rasu shekara huɗu da suka wuce, muka tashi buga furogiram na biso, ɗan littafin nan da ake rabawa a sujada da hoton mamaci a bango. Muka birkice gidanmu na Fadan Kagoma kaf, babu hotonta ita kaɗai ko ɗaya. A ƙarshe aka yanko ta daga hoton Zumunta Mata. Fuskar ta fito dishi-dishi, ga hannun wata mata a kafaɗarta, hannu kawai, ba mai shi. Haka aka buga a littafi, aka buga a riguna. Har yau nakan ga rigar a kasuwar Kafanchan, in sauya hanya.

A watan jiya likita ya kira ni gefe ya ce zuciyar Baba ta gaji, maganar watanni ce. Ni da Gilbert muka shirya ba za mu faɗa masa ba. Muka ce masa kumburin ƙafa ne kawai, ya zauna wurina har ya sauka.

Alhamis, 12 ga Satumba

Na kwana biyu ina gwaji a kan rigunan shago. Abin da ya burge ni, in na sa ido a ɗan ramin leƙawa, ƙaramin talabijin ne a ciki. Yadda hoton zai fito haka nake ganinsa tun kafin in danna. Na juya ɗan kewayen da ke sama, atamfa ta yi haske. Na mayar, ta yi duhu. Ja yana fitowa ja sosai, ba irin na wayata ba da ke mayar da shi ruwan lemo.

Batirin kuwa ragon gaske ne. Kafin azahar ya kwanta.

Lahadi, 15 ga Satumba

Bayan sujada Baba Celestine ya zo buga dara. Tare suka yi aikin reluwe da Baba, shekara talatin. Na ga Baba ya sa farar riga, ya yi aski, na ce yau ce rana. Na ce, “Baba, ɗan matsa can in gwada abin nan.”

Ya dube ni da idonsa mai gani. Sai ya miƙa hannu ya jawo wuyan Baba Celestine, ya manna kuncinsa a nasa kamar sabbin ma'aurata. Ya ce, “Ɗauka. Ku yanke in gani.”

Baba Celestine yana ta dariya yana cewa a sake shi, ya tsufa da wannan soyayya. Ni ma na yi dariyar. Na ɗauki guda shida, duk kunci a manne. Da na shiga kicin na daɗe a tsaye ban san abin da na shigo ɗauka ba.

Laraba, 18 ga Satumba

Haka Baba ya yi da Fasto yau. Ya riƙe masa hannu a ƙirji gam, Fasto ya zaci addu'a yake so.

Asabar, 21 ga Satumba

Gilbert ya kira. Na fita bayan gida kusa da tankin ruwa, inda nake zuwa in maganar Baba ce. “Sista, abeg, abu ɗin yana da sailent. Kashe ƙara, ki ɗauke shi bai sani ba.”

Na lalubo wurin a cikin jerin rubutun da ke allon baya. Gaskiya ne. Na danna, ko ƙwas ba ta ce ba, sai ga hoton kujera ya fito. Allon kuma yana buɗewa ya karkato sama, don haka zan iya ajiye ta a cinya, kaina a sunkuye kamar ina duba saƙo, alhali ina kallon mutum.

Na ji daɗin dabarar. Na kuma ji kunyar jin daɗin.

Talata, 24 ga Satumba

Na fara. Da yamma, a falo, hadari ya haɗu, ɗakin ya yi duhu-duhu. Baba yana kujerarsa yana jin rediyo. Na zauna da ɗinki a hannu, kyamara a ƙarƙashin yadi, bakinta kawai a waje.

Tana da wani abu: da kanta take neman idon mutum. Wani ɗan koren akwati yana yawo a allon, in ya samu ido sai ya tsaya a kai. A fuskar Baba kullum idon hagu yake kamawa. Na dama, wanda yanar ido ta rufe, ko kallonsa ba ya yi. Na ji haushin wannan fiye da yadda ya kamata.

Hotunan ba su yi ba. Gilashin da ya zo da ita ba ya son duhu, fuskar duk ta yi yashi-yashi. Wasu kuma hannuna ya motsa, ga Baba da kunne biyu a gefe ɗaya.

Juma'a, 27 ga Satumba

Na kunna ƙwan lantarki don a samu haske. Sai hoton ya fito da zane-zane a kwance, layi mai haske, layi mai duhu. Na tambayi Gilbert, ya bincika ya ce haka take yi da wasu fitilu in an kashe ƙara. Fankar sama ma fikafikanta sun lanƙwashe kamar ayaba.

Wato ko kyamarar ba ta son wannan aiki.

Lahadi, 29 ga Satumba

Bai iya zuwa sujada ba. Ƙafar ta ƙi shiga takalmi. Na rera masa waƙa biyu daga littafi, ya gyara mini baiti ɗaya.

Hoto ɗari da sha huɗu yanzu a katin kyamara. Na zauna na duba su ɗaya bayan ɗaya. Yana barci baki a buɗe. Yana haɗiyar magani. Yana kallon ƙafarsa. Akwai guda uku da suka fito tas, har ana ƙirga furfurar gemunsa. Amma wannan wani tsoho ne marar lafiya da aka leƙa ta taga. Ba mutumin da ya goya ni a wuya ya kai ni kallon jirgin Jos ba ne.

Gilbert ya ce in tura masa ta waya, ai kyamarar tana haɗuwa da waya ba igiya. Na ce ban gane yadda ake yi ba. Na gane tun ranar farko.

Laraba, 2 ga Oktoba

An kama ni.

Wajen ƙarfe biyar, ruwa yana sauka, ina zaune da yadina kamar kullum. Na taɓa maɓallin a hankali. Baba bai ko juyo ba, ya ce, “Tamar, siginal ya faɗi kuma.”

Na ce wane siginal? Ya rage rediyo. “Abu naki yana da fitila a gaba. Ƙarami, ja-ja. Duk lokaci da kin taɓa, yana kunna. Shekara talatin ina karanta fitila a layin dogo, daga nesa, cikin ruwa. Na cikin falo ne zai wuce ni?”

Na juya kyamarar na danna. Ga ta nan kuwa, 'yar fitila kamar ƙwayar gero kusa da gilashin. In ɗaki ya yi duhu ita take haskawa don kyamarar ta ga inda za ta kama. Ni ina bayanta, ban taɓa ganinta ba. Kwana tara yana kallonta.

Ya ce ya ƙirga, ya kai ɗari ya gaji. Na so ƙasa ta buɗe.

Na ce, “Baba, in ba ka so, na bari.” Abin da ya ce, iya abin da na riƙe:

“Wa ya ce ba na so? Wa ya tambaye ni? Kuna zuwa wajen tanki kuna magana na kamar na riga na tafi. Ni na binne Mama naku da hannu na wata mata a kafaɗa. Kin ɗauka ban gani ba?”

Sai ya ce in ajiye abin, in faɗa masa abin da likita ya ce, yadda ya faɗa. Na faɗa. Ban rage ba. Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa jirgi zai makara, ya ce ya yi zaton haka tun da na daina yi masa faɗa a kan gishiri.

Na yi kuka. Shi bai yi ba. Ya ce in dafa shayi.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ban taɓa kyamara ba. Ya sa na kira Gilbert, na ba shi wayar, na fita. Wannan karon ni ce a wajen tanki ba waya a hannu.

Asabar, 5 ga Oktoba

Ya aike ni Fadan Kagoma in ɗauko kwat ɗinsa na reluwe da hula, suna ƙasan akwatin ƙarfe. Kwat ɗin ya yi masa yawa yanzu, mutum biyu za su shiga. Na kama shi ta baya, na rage kafaɗa, na sake maɓalli ɗaya. Yana zaune yana sa ido, wai kada in ɓata masa aikin Turawa.

Ina ɗinki ina goge hotunan nan na sata. Kyamarar tana tambaya ko na tabbata. Na tabbata.

Lahadi, 6 ga Oktoba

Da safe, kafin rana ta yi ƙarfi. An yi ruwa jiya, sama ta wanke. Na fito da kujera bakin baranda inda haske ke shigowa ta gefe, na rataya baƙin yadi a baya. Shi ya zaɓi wurin, shi ya gyara hular.

Na ɗaga kyamara. Ya ce, “Tsaya. Kunna ƙara ɗin. Ina so in ji.”

Na kunna. Wannan karon ban ajiye ta a cinya ba, na sa ido a ramin. A wannan haske ba ta da wata matsala: ba yashi, ba zane, koren akwatin ya sauka a idonsa nan take ya zauna. Ya ɗaga haɓa. Ba ya murmushi, amma yana gab da yi. Yatsana ya daɗe a kan maɓallin. Ya ce, “Madam, fasinja suna jira.”

Ƙwas. Sau ɗaya. Na so in ƙara, ya ce a'a, bari ya gani. Ya kawo allon kusa da idon hagu, ya daɗe. Ya ambaci sunan kansa ya ce, “Wannan Azariya ne. Shi za ku sa.”

Sai ya ce saura ɗaya, wanda ba na furogiram ba. Na ɗora kyamarar a kan teburin keke na ɗinki, na juya allon yana kallonmu, na sa ta ƙirga goma, na ruga na zauna a gefensa. 'Yar fitilar nan tana ƙyaftawa a gabanmu. Ya ce, “Kin gan shi yanzu?”

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na tura wa Gilbert hoton Baba, da ma na sauke shi a waya tun Lahadi. Bai rubuta komai ba sai bayan awa biyu: zai zo ranar Asabar, zai yi sati. To, mu gani.

Baba ya ci tuwo loma shida. Baba Celestine ya zo, an cinye shi sau biyu a dara, ya tafi yana cewa an yi masa maguɗi. Batirin ya mutu tun Litinin, yau na lura. Na sa a caji don in duba ɗayan hoton, namu mu biyu, wanda ban tura wa kowa ba.

Ya fito lafiya. Kaina ya ɗan yanke ta sama, laifina ne, teburin ya yi ƙasa. Baba yana zaune a miƙe, hannayensa biyu a kan gwiwa, bai jawo kowa ba. Akwai sarari tsakanin kafaɗarsa da tawa, wanda ya iya aiki zai raba mu ba wahala.

Sai dai hannun kwat ɗin. Na ƙara girman wurin a allon don in ga ko ɗinkina ne ya tattare. Ba ɗinki ba ne. Yatsuna ne, duka biyar, sun damƙe shi.

Ban tuna na yi haka ba. Gobe zan yi wa kwat ɗin guga.