Allurar Manya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata ke da maigida da yara kuna lafiya, ƙafar taki kuma ta yi sauƙi.

Na san Kawu ya riga ni zuwa kunnenki, to ga nawa ɓangaren. Inna tana kwance a asibitinmu da tari da zazzaɓi. An yi gwaji, likita ya rubuta mata ƙwayoyi, kuma suna aiki. Sai wata 'yar jinya ta raɗa wa Kawu cewa a ɗakin maganinmu akwai kabad mai kwaɗo biyu, inda muke ajiye "allurar manya". Haka muke kiranta, manyan cututtuka muke nufi, waɗanda suka gagari sauran magunguna. Shi kuwa ya ɗauka manyan mutane. Ya zo tagar da nake ba da magani ya tara min jama'a, wai na samu mukulli na raina uwata, ina ɓoye wa masu hannu da shuni.

Mukulli ɗaya ne a hannuna, ɗayan yana wurin babban likita, kuma ba a buɗewa sai gwaji ya nuna buƙata. Amma ba zan laɓe a bayan doka ba. Ko duka biyun suna ɗaure a bakin zanina ba zan buɗe ba. Allurar tana wahalar da ƙoda, ke kuwa kin san ƙodar Inna. Kuma in ana tsira wa kowa don tari, ƙwayoyin cuta za su saba da ita, ranar da aka neme ta ta zama ruwa.

Abin da ya ƙona min rai, Inna ta gaskata shi. In na shiga sai ta juya fuska bango.

Ki gai da kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, saƙonki ya iso. Kin ce in je in ba Inna haƙuri, wai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

An sallami Inna, da ƙafarta ta fita. Kawu bai saki ba, yanzu cewa yake da an yi allurar da tuni ta warke. Da na kai hannu zan ɗaukar mata jaka, ta janye, ta ce, "Ashe ni ba babba ba ce a wurinki." Na koma ɗakin magani na rufe ƙofa na sha kuka.

Ranar hutuna zan je in yi mata wanki in kitse mata kai, ta yi min magana ko kada ta yi. Amma wannan haƙurin ba zan bayar ba. In na bayar, na yarda ke nan na hana ta abin da ya kamace ta, gobe kuma ta sake kwanciya su sa ni buɗe kabad. Gara ta yi ta fushi da ni tana zaune a tsakar gidanta.

Taki har kullum,
Auta