Daddawata Ta Kalwa Ce, Ko Da Wane Yare

Zuwa ga Manajan kamfanin da ya haɗa wa ƙungiyarmu ta mata shafin talla a intanet.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali, ya haƙuri da wannan tsada? An ce sa'an jikana ne kai, to ka zama mijina, sai ka gyara zama ka sha faɗa.

Ni ce Tabawa mai daddawa ta Gude. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, amma ina gane sunana, ina kuma gane ƙarya in an jingina mini.

Na farko. Shafin yana magana da Turanci da Hausa. Mu muka roƙa ku ƙara wani ɗan gurbi ƙarƙashin hoton kowace mace, a rubuta irin daddawarta. A Turancin an rubuta tawa ta kalwa ce, daidai ne. Da an latsa Hausa, sai gurbin ya ce waken suya. Wato Bature da bai san miyar kuka ba an gaya masa gaskiya, mutanena kuma an yi musu ƙarya.

Na biyu. Tun da rayuwa ta yi tsada mata da yawa suka koma waken suya, ban kuma zarge su ba. Ni dai na rage yawa, na ƙi sauyawa. Ga shi tun bayan ƙaramar Sallah wata Hajiya a Gwarzo, wadda ta daɗe tana saye a wurina, ta daina aikowa. Ta ce baki biyu gare ni, ha'inci kuma haramun ne a ciniki. Surukaina na Unguwar Tudu har gaisuwar waken suya suke aiko mini don zolaya.

Na uku. Mun kai kuka, yaranka suka ce matsalar sabis ce, a kashe waya a kunna. Mun kashe, mun kunna, har ƙarƙashin ɗorawar bayan gari na je neman sabis, da ciwon gwiwata. Sakatariyarmu ta gyara Hausar da hannunta, sai Turancin ya goge. Ta mayar da Turancin, waken ya dawo. Ta ce duk wadda ba a cika wa gurbin Hausa daban ba, shafin zaɓin farko a jerin ire-iren daddawa yake liƙa mata. To wa ya sa waken a farko?

Buƙatata: a gyara gurbin nan ya faɗi magana ɗaya a kowane yare, ko a cire hotona. Ba zan tsufa da sunan maha'inciya ba, kuma na san hanyar kotun alƙali.

Na ba direban motar Kabo ƙullin daddawa biyu ya kawo maka, ɗaya kalwa, ɗaya wake. Ban rubuta komai a jiki ba. Ka kai wa uwargida, ka gaya mata duk ɗaya ne, ka ji abin da za ta ce maka.

Allah ya yi maka albarka, ya tsare maka sunanka, kai ma ka tsare nawa.

Wassalam.
Tabawa mai daddawa, Gude.