Motar Shanu Tana Ƙofar Gida

Zuwa ga Mas Ngadiran, inuwar kaina, ruwan randata mai sanyi, bishiyar kanumfarin da ƙamshinta ke tarbata tun kafin in hango ta, fitilar da tun ranar da aka kunna mini ita ban ƙara sanin duhun ɗaki ba. Sallama da gaisuwa daga matarka Warsiti, a nan makarantar firamare da aka tara mu a gindin Dutse mai aman wuta.

Kada ka yi wa rubutun nan dariya. Ka san da furfura a kaina na koye shi a ajin mata na bayan masallaci, yau kuwa ƙasa ma ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, balle hannuna. Da wayarka tana shiga da ban wahalar da idonka ba, amma tun da aka ɗauke wutar ƙauye muryarka ta ɓace mini. Wanda ya miƙa maka takardar nan sunansa Sukirno, shi ke jan motar ƙungiyar masu madara. Ka karanta a tsaye. Kada ka ɗora masa shayi, babu lokacin shayi.

Ranar da aka buga gangar itace aka ce kowa ya sauka, ka ɗora mu a mota ka ce kana tafe da zarar ka yanko wa shanu ciyawa. Wace irin ciyawa ce wannan da har yau ba ta yanku ba? Kowace mota ta tsaya a bakin makaranta sai in miƙe, in ga hular wani, in koma in zauna. Dutse yana gurnani kamar cikin mayunwaci, gilasan aji suna karkarwa, toka tana sauka a kan shanyarmu kamar gari, warin farar wuta ya shiga har cikin shinkafa. Ni ina nan nesa ina jin haka. Kai da kake kwance a kafaɗarsa fa, me kake ji? Wa ke dafa maka? Wa ke ce maka ka rufe hancinka?

Na san amsarka, don ka sha faɗa mini ita da sunan nan da kake kirana. “Dik War, Dutse ba fushi yake yi ba, sharar gidansa yake yi. Wanda ya ci ƙasarsa shekara da shekaru, ya ga yana hidima ya juya masa baya, ai butulu ne.” Haka mahaifinka ya ce, haka nasa mahaifin ya ce. Ban zo in ƙaryata magabata ba. Na zo ne da abin da kai da kanka ka koya mini.

Ka tuna wancan aman wutar, lokacin ɗanmu Danang yana goye a bayana? Muka koma muka tarar rufi ya rufta, saniyarmu ɗaya tilo ta mutu a turke, gonar barkono ta zama fili fari fat. Na durƙushe ina kuka. Kai kuwa ka shiga tonon toka da hannu, can ka ɗago wani abu baƙi sama kamar ka tsinci zinariya, ka ce, “An yi sa'a, tukunya ba ta fashe ba.” Haushi ya kama ni, na ce, “To sai ka dafa mana sa'ar mu ci.” Ka je ka tono rogo daga ƙarƙashin toka, ka dafa a tukunyar, muka ci a zaune kan ƙyauren da ya faɗi. Ban taɓa cin abin da ya kai rogon nan daɗi ba, ban kuma taɓa son mutum kamar yadda na so ka a ranar ba, da toka har a girarka.

Haka mutanenmu suke. Mutum ya faɗo daga babur ya karya ƙafa, a ce an yi sa'a ba wuyansa ba ne. Ni kaɗai aka haifa a juye. Ka sha tsokanata da cewa ko Aljanna aka sa ni, sai na ɗaga kai na nemi inda rufi ke yoyo. Gaskiyarka. Amma a wannan karon tsorona yana da dalili. Jiya Danang ya tsaya a kaina, idonsa jajur, ya ce, “Bu, uwata, in Bapak mahaifina bai sauko ba zan hau babur in ɗauko shi, ko da ɗaure shi zan yi kamar buhun kofi.” Ka san ɗanka, taurin kan naka ne. Ga matarsa Ratri, cikinta ya tsufa, ko sunkuyawa ba ta iyawa. Na lallaɓa na zare makullin babur daga rigarsa, yana nan ƙulle a bakin zanina. Ya birkice aji yana nema. Har yaushe zan iya riƙe magidanci da ƙullin zani?

Sai na je madafar da mata ke yi wa kowa girki, na ja kwandon albasa, don in hawaye ya zo a ce albasa ce. A nan na ce bari in gwada maganinka, tunda nawa ya ƙi ci. Na fara a hankali, bakina yana ɗaci. An yi sa'a, Alhamdulillahi, Ratri tana cin abinci. An yi sa'a iska tana kai tokar wani gefe. Da farko ji na yi kamar ina yi wa Allah ƙarya, amma na ci gaba. Sai na ji bakina ya ce, an yi sa'a gadar kogi ba ta karye ba. Nan na tsaya. In gada tana nan, ai mota tana iya hayewa. In mota ta haye, ai saniya tana iya shiga. Ashe tun shekaranjiya ake shela an ware filin ƙwallo don dabbobi, da rumfa da ruwa da ciyawa, ni ban ji ba. Tsoro kunne yake toshewa, Mas. Godiya ce ta buɗe mini shi. Na ajiye wuƙa na nemo Sukirno, na tsaya a gaban motarsa har ya gaji ya ce, “To, Bu, kin ci. Amma ba zan kashe inji ba.”

Yanzu ka ga ba ka da sauran hujja. Shanunka suna da masauki. Saura kai, ya sanyin idona, ya damina ta farko a kan busasshiyar gonata. Kana tsoron a kira ka butulu? To ka faɗa mini, wanda aka ba kyauta mai daraja ya ajiye ta a bakin murhu ya zauna yana kallo, ya gode ke nan? Ranka kyauta ne. Ni aka ba, da Danang, da jikan da bai ga fuskarka ba tukuna. Mai sharar gida ba ya son baƙo a tsakar ɗaki. Ladabi shi ne a matsa masa ya gama, a dawo a gaishe shi. Dutse ba ya buƙatar mai gadi. Ni ce nake buƙatar miji.

Na yi alwashi, ranar da ƙafarka ta taka ƙofar makarantar nan zan dafa shinkafar godiya da kurkum da madarar kwakwa, in tsira ta sama kamar ɗan dutse yadda ake yi, a kira maƙwabta a yi addu'a, in yanko ƙoƙuwar da hannuna in sa a farantinka a gaban kowa, ko da matan aji za su yi ta yi mini tsiya har shekara.

Amma ka ji ɗaya alwashin, don ban taɓa ɓoye maka komai ba. In motar nan ta dawo babu kai, ba Danang ne zai hau ba. Ni ce. Na riga na ɗaure ƙunshina, na kuma gaya wa Sukirno, in ya ƙi ɗaukata ƙafata ta san hanya. Ni da ƙarar faɗuwar kwakwa ke firgitarwa, zan zo in zauna kusa da kai a kan dakali mu saurari Dutse tare. Ba barazana nake yi ba. Na gwada zama inda babu kai, na ga ban iya ba.

Ka zaɓa mana wuri, Mas, sama ko ƙasa. Inji yana aiki. Ka kwance shanu.

Taka a toka da ruwan sama, taka tun ƙuruciya har ranar da za a lulluɓe ni,

Warsiti