Keken Ɗinkin Maman Ngozi

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Almasihu, tare da ladabi da biyayya. Na san inda kuke babu ciwo babu gajiya, don haka ba zan tambayi lafiyarku ba. Ni ce Ladi, daga ɗakin hayata a Sabon Gari.

Har yanzu ina aikin tsintar gyaɗa a Bompai. Mu zauna a jere, mu fid da ruɓaɓɓiya mu bar mai kyau, har a busa tashi. Sai dai an rage mana kwanakin aiki, tukunyata ma ta shaida.

Ba ku san Maman Ngozi ba, kun riga kun tafi kafin in zo Kano. Maƙwabciyata ce, benci ɗaya muke zama a coci. Da gari ya rikice, ita da yaranta suka bi jirgin ƙasa da abin da hannu zai iya ɗauka. Ta turo keken ɗinkinta ɗakina, ta ce, “Ladi, riƙe mini, zan dawo.” Shiru har yau, ko saƙon baka. Bencin nan ni kaɗai ce a kai. Ran Lahadi in an ɗaga waƙa, sai in ji muryata ta yi yawa, in rage ta.

To, wani tela ya ƙyalla ido ya ga keken. Kowace yamma sai ya biyo yana washe baki, kai ka ce zance ya zo, yana neman in sayar masa. Wai mai shi ba za ta dawo ba, wai tsatsa nake kiwo. Abin da ya fi ƙona mini rai, mai yiwuwa gaskiyarsa ne.

Inna, ki gafarce ni, “ku” ɗin nan ta ishe ni, nisa take ƙara mana.

Kin tuna ina ƙarama, ranar da fasto ya yi wa'azi a kan zaman tsarki? Ni kuwa tsarkin da na sani shi ne na maƙwabcinmu Malam Idi, in ya ɗauki buta ya zaga bayan gida kafin salla. Muna komawa gida na suri buta na zaga, na fito ina taƙama na ce miki na yi tsarki, na gama nawa. Kika yi dariya har da riƙe ciki. Da kika share hawaye kika ce, “Madalla. Amma je ki tambayi Malam, na jiya ba ya isar masa yau. Namu na zuciya ne, shi ma kullum ake sakewa.”

Kai, Inna! Na ɗauka in na ce wa telan a'a sau ɗaya, shi ke nan. Ashe kowace yamma da tata a'ar, ta jiya ba ta yi mini aikin yau.

Jiya ban ɗora tukunya ba. Na yaye zanen da Maman Ngozi ta rufe keken da shi, wanda ban taɓa ɗagawa ba, da niyyar in goge ƙura kafin mutumin ya iso. Sai ga rigar Ngozi a ƙarƙashin allura, an ɗinke hannu ɗaya, ɗayan ba a kai gare shi ba. Yarinyar ta fi ƙarfin rigar yanzu, in Allah ya raya ta.

Na ɗiga wa keken mai, na mayar da zanen. Da telan ya yi sallama na ba shi amsarsa daga bakin ƙofa, na dawo na jiƙa gari na sha. Ba wanda ya gani balle ya ce sannu. Ina kewarki, Inna, kewa mai tsanani.

Ubangiji da ya karɓe ki ya ƙara miki hutawa. Ya tsare Maman Ngozi da yaranta duk inda suke, ya dawo da ita ta ƙarasa hannun rigar nan. Ni kuma ya ba ni abincin yini, ya ba ni a'ar gobe, don telan ya ce zai dawo. Amin.

Taki har mu sadu,
Ladi